Yadda Ake Renon Khal ɗin Modena, Daga Tukunya Zuwa Ƙarƙashin Rufi

Gidan da nake haya yana wani ƙauye ne kudu da birnin Modena, a arewacin Italiya. Tun ranar da na tare nake jin wani ƙamshi a matakala wanda na kasa gane kansa. Ba na girki ba ne, ba na turare ba. Zaƙi-zaƙi ne da tsami-tsami, kamar an dafa tsamiya da mazarƙwaila an rufe a ɗaki shekara da shekaru. Sai da na yi wata huɗu kafin maigidan, dattijon da nake kira Baba, ya ce in kama masa wani tulun gilashi mu hau da shi sama, don gwiwoyinsa sun daina ɗaukar kaya. Da ya tura ƙofar ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, sai ga ganguna na katako a jere kan wani dogon benci, daga babba har ƙarama, kowacce an rufe bakinta da farin ƙyallen da tsakiyarsa ta yi baƙi. Tsamin ya sa idona ya kawo ruwa. Wannan ɗaki shi suke kira acetaia, ɗakin khal. Yau shekara tara ke nan, in na taso daga kamfanin tayil inda nake aiki, ni ne ƙafafun Baba a wannan sana'a, kuma abin da hannuna ya koya a wurinsa shi zan rubuta.

Ƙasar nan ta inabi ce. Giyar da aka san Modena da ita sunanta Lambrusco, ja ce mai kumfa, kuma kowane yanki da irin nasa inabin: Sorbara a fadamar da ke tsakanin kogin Secchia da Panaro, Salamino wajen Carpi, sai Grasparossa a tuddan Castelvetro, wanda ganyensa ke rinewa ja wur da kaka har mutane su taso daga birni su zo kallo. Baba ya ce lokacin ƙuruciyarsa ba a kafa wa inabi turaku da waya kamar yanzu; bishiyoyi ake jerawa a gefen gona, inabin ya hau su, a noma alkama a tsakani. In an yi girbi a watan Satumba, ruwan inabin gida kashi biyu ake yi masa. Kaso mai yawa ya sauka ɗakin ƙasa mai sanyi ya zama giya. Kaso kaɗan kuma a dafa shi a kai shi can sama wurin zafi, ya zama khal. Ni da wannan na saman kaɗai nake hulɗa.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar ɗan'uwa Musulmi, don ni ma shi ya fara zuwar mini. Babu khal ɗin da ake samu ba tare da sigan da ke cikin ruwan ya fara juyewa zuwa sinadarin barasa ba, sannan shi kuma ya juye ya zama tsami. Haka khal ɗin tuffa da muke saya a kanti yake, haka kowane khal. Hadisi ya zo a Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, kuma a littattafanmu na Malikiyya an lissafa giyar da ta koma khal cikin abubuwa masu tsarki. Akwai malaman da suka tsananta a kan wanda aka juya da gangan. Ni na tambayi malamin da na amince da shi kafin in sa hannu, kai ma ka tambayi naka.

Inabi da tukunya

Inabin da aka fi so shi ne farin Trebbiano, wasu kuma su gauraya da Lambrusco. A bar shi ya nuna sosai a jikin itacensa, don siga kake nema. Ka tsince ruɓaɓɓu da hannu. Wajen matsewa kada ka danne da ƙarfi har 'ya'yan ciki su fashe, ɗaci za su ba ka. Daga kilo 100 na inabi, dokar sana'ar ba ta yarda a tatsi fiye da lita 70 ba. Ka tace, ka ɗora a wuta a ranar ko washegari da sassafe. In ka bar shi ya kwana biyu har ya fara tsiyayar kumfa da kansa, ya kama hanyar giya ke nan, ba naka ba ne kuma.

Tukunyar ta zama mai faɗin baki, kuma ba a rufe ta ko sau ɗaya. Da can ta tagulla ce a kan itace, yanzu ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce a kan gas, a tsakar gida ko cikin gareji a buɗe ƙofa. Da ya ɗauki zafi za ka ga wata kumfa mai datti tana tasowa, toka-toka, da ɓawo da ƙura a ciki. Ka sa matsami irin na masu ƙosai ka yi ta kwashewa har fuskar ruwan ta washe. Wannan yakan ci awa guda ko fiye, kuma ba aikin da ake ba yaro ba ne. Daga nan sai ka rage wuta. Abin da kake so shi ne zafin ya tsaya tsakanin digiri 85 da 90, ruwan yana motsi a hankali kamar mai numfashi cikin barci, ba tafasa ba. Ka rataya ma'aunin zafi a bakin tukunya, ka kuma tsoma sanda mai tsabta ka yi mata alama a inda ruwan ya tsaya, don da ita za ka san nawa ya ƙone.

Daga nan sai zama. Awa 12 ne mafi ƙaranci a wurinmu, wasu gidajen har kwana da yini. Launin zai tashi daga kore-kore zuwa ruwan zuma, daga nan zuwa ruwan ƙasa mai duhu, unguwa duka ta ɗauki ƙamshi, zuma da rina su yi ta kewaya ka. Mu muna sauke wa idan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ko ya ɗan haura. Baba yana da wata ƙaramar na'ura mai kama da guntun madubin hangen nesa, a ɗiga mata digo ɗaya a duba ta wajen haske, ta nuna yawan siga. In ta kai 30 ko ta ɗan wuce, an gama. Kada kwaɗayin kauri ya ja ka. In sigan ya yi yawa, yis ɗin da zai yi aiki a gaba ba zai iya rayuwa a ciki ba, ka tashi da madi kawai wanda ba zai taɓa tsami ba.

A shekarata ta uku na yi ɓarnar da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Baba ya shiga ya kwanta ya bar ni da tukunya, dare ya raba, ga aiki da asuba. Na ce bari in ɗan ƙara wuta a gama da wuri. Ban fi minti arba'in ba sai na ji ƙauri, ɗan kaɗan, irin wanda za ka iya ce wa kanka ba komai ba ne. Da gari ya waye Baba ya ɗebo a cokali ya ɗanɗana, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ba zai hau sama ba.” Da muka juye, gindin tukunya ya yi baƙin ƙanzo. Sauri ya haifi nawa: wahalar girbin shekara guda ta tafi, muka je wurin maƙwabci muka sayi dafaffe. Abin da ya sa bai yi sassauci ba, daga baya na fahimta. Ɗacin ƙuna ba ya fita, kuma duk abin da ya shiga babbar ganga sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har ya isa ƙaramar da ta fi shekara arba'in ana renonta.

In kana so ka ga wannan dahuwa da idonka, garin Spilamberto na yin biki a farkon Oktoba da suke kira Mast Còt, wato dafaffen ruwan inabi a harshen mutanen yankin, inda ake jera tukwane a dandali ana dafawa a bainar jama'a.

Kafin mu hau sama, ga abu biyu da kowa zai iya yi a kicin ɗinsa, ko da inabin Kudan ne ya samu a kasuwar Zariya, kuma babu batun tsami ko barasa a cikinsu. Na farko saba: ka ci gaba da dafa ruwan a wuta kaɗan har abin da ya saura ya zama kashi ɗaya cikin uku na asalinsa, ya yi kauri kamar zuma, ka zuba a kwalba mai tsabta. Shi ne sigan talakawan nan a da. Baba ya ce suna yara in ƙanƙara ta zuba sukan cika kofi da ita su tsiyaya saba a kai. Ni a kan masa da kindirmo nake zubawa. Na biyu sughi: lita ɗaya ta sabon ruwan baƙin inabi, giram 100 na fulawa. Ka dama fulawar da ɗan ruwan inabin mai sanyi don kada ta yi gudaji, ka haɗa da sauran, ka yi ta juyawa a wuta har ya yi kauri, ka zuba a ƙananan kwanuka. In ya huce zai kama jikinsa kamar kunun da ya kwana.

Uwa da 'ya'yanta

Dafaffen ruwan in ya huce sai a zuba a manyan tulunan gilashi ko tankin ƙarfe, a bar shi ya kwanta. Yis zai ci wani ɓangare na sigan, ba duka ba. Daga nan a tsiyaye na sama a bar laka, a juye cikin wata babbar ganga da suke kira badessa, sunan da ake ba shugabar gidan mata masu zaman ibada a coci. Ni uwa nake ce mata. A cikinta akwai ragowar khal mai rai na bara, kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki su ne za su mayar da barasar tsami idan zafi ya shigo. Iska suke buƙata, don haka ba a cika uwa fal, ba a kuma toshe ta. Sai ruwa ya shekara a wurinta, hanci da harshe sun tabbatar ya zama khal, sannan ya cancanci shiga jeri.

Jerin shi ake kira batteria, galibi ganga biyar zuwa bakwai. Namu na tsohon jeri biyar ne: lita 60, 50, 40, 30 da 20. Ba itace ɗaya ake sassaƙa su da shi ba, kuma kowane itace da abin da yake bayarwa. Castagno na ba da duhun launi. Ciliegio, itacen ceri, na tausasa ɗanɗano. Gelso, wanda da ake ciyar da tsutsar siliki da ganyensa, jikinsa na shan iska, ruwa na saurin ƙafewa a cikinsa. Ginepro na da ƙamshi mai ƙarfi kamar ƙaro, ganga ɗaya ta isa, wasu ma ba sa sa shi. Rovere mai tauri shi aka fi ajiye wa ƙananan na ƙarshe. In sababbi ka saya daga masassaƙi, kada ka zuba musu dafaffen ruwa kai tsaye. Ka wanke su da tafasasshen ruwa, ka cika su da khal mai ƙarfi, su shekara a haka, itacen ya fitar da ɗacinsa ya kuma ɗauki ƙwayoyin tsami.

A saman kowace ganga akwai baki mai faɗin tafin hannu. Ƙyalle kawai ake rufawa, don iska ta shiga, ƙuda da ƙura kada su shiga. Tsofaffi sukan ɗora dutsen kogi a kai. Akwai ɗaya a wurinmu daga Panaro wanda tururin khal ya cinye gindinsa ya yi rami-rami. Ka bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na gangar babu komai. Ka kuma sa wa kowacce katako ta gefe biyu ya tokare ta a kan benci. Girgizar ƙasar da aka yi a watan Mayu na 2012 a arewacin lardin, wajen Mirandola da Finale Emilia, ta kifar da ganguna a gidaje da yawa, khal na kaka da kakanni ya malale a ƙasa.

Me ya sa ƙarƙashin rufi, alhali giya ɗakin ƙasa ake kai ta? Saboda giya na son yanayin da ba ya canzawa, khal kuwa canjin yake so. A Yuli da Agusta ɗakin nan kamar tanda yake, ba ka iya minti goma a ciki; lokacin ne ƙwayoyin ke aiki, ruwa na ƙafewa, wajen kashi ɗaya cikin goma a shekara. Da hunturu kuma, in hazon kwarin kogin Po ya rufe gari, sanyi ya sa komai ya tsaya cik, gurɓin ya kwanta, khal ya yi garau. Wannan ne ya sa nake ganin da wuya a yi irinsa a gida: zafin muna da shi har ya yi yawa, amma sanyinmu bai kai ya kwantar da shi wata uku ba.

Aikin shekara

Sau ɗaya ake yi, a ƙarshen hunturu kafin ɗumi ya dawo. Mu a Fabrairu muke yi. Ka tanadi mazurari, siririn tiyo, jug mai ma'auni, kyandir, cokalin tangaran, littafi, da dogon bututun gilashi da suke kira ɓarawo. Ana tsoma shi a ganga, a toshe samansa da babban yatsa, a ɗago, ya sato maka ruwa daga tsakiya.

Ka fara da dubawa kafin ka taɓa komai. Ɗaga ƙyalle, sa hanci. Lafiyayyar ganga tsaminta na shiga hanci a miƙe, da zaƙi a bayansa. In ka ji warin fumfuna, ko wari irin na man goge farce, ka ware ta, kada ka ɗebi nata ka zuba a wata. Haska ciki da tocila. In ka ga wata fata mai santsi da kauri ta rufe fuskar ruwan, ka kwashe ta duka, don toshe iska take yi. Shafa gindin gangar da hannu ko tana tsatsafa. Tsohuwar ganga in ta fara yoyo ba a yar da ita. Masassaƙi ke zuwa ya gina mata sabuwa a bayanta kamar riga, don abin da itacen ya sha shekara da shekaru ba ya sayuwa. Sannan ka ɗebo da ɓarawo a ƙaramar kwalba, ka kunna kyandir a bayanta, ka juya. Ya kamata hasken ya ratsa, launi ja mai duhu, ruwan ya bi jikin gilashi a hankali.

Ɗiba daga ƙaramar ganga kaɗai ake yi, kuma in jerin sabo ne ba a ɗiba sam sai ya cika shekara 12. Kafin nan ciko kawai za ka yi ta yi. Daga gangarmu mai lita 20 Baba bai taɓa yarda an ɗebi fiye da lita ɗaya da rabi ba, ko da 'ya'yansa sun yi ta roƙo. Lissafinsa mai sauƙi ne: duk abin da ka cire, ƙaramin shekaru ne zai maye gurbinsa, in ka zari da yawa ka mayar da tsohuwa yarinya.

Bayan ɗiba sai ciko, kuma daga ƙasa ake farawa. Ka cika ta 20 daga ta 30, har ruwan ya dawo kan alamar bara a jikin sanda. Ta 30 daga ta 40. Ta 40 daga ta 50, ta 50 daga ta 60, ita kuma babbar a cika ta daga uwa. Kada ka juya wannan tsari. Ka tsoma tiyo a tsakiyar ruwa, ba gindi ba, don kada ka tayar da laka, ka kuma zuba a hankali ta mazurari. Kowace lita ka rubuta: nawa ya ƙafe, nawa ka zuba, me hanci ya ji. Littafin Baba ya faro ne da rubutun mahaifiyarsa. Ka sauya ƙyallaye da wankakku, ka goge bakin ganguna da tsumman da aka jiƙa da khal, ka rufe ƙofa. Sauran shekara leƙe ne kawai lokaci-lokaci.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Kalmar balsamico ta fara bayyana a rubuce a 1747 cikin kundin rumbunan sarakunan gidan Este da suka mulki Modena, kuma wani lauya mai suna Francesco Aggazzotti ya zayyana yadda ake yi a wata wasiƙa a 1862, wadda har yau ita masu sana'ar ke komawa gare ta. A al'adarsu in an haifi 'ya mace akan kafa mata jeri, ya girma tare da ita, ranar aure ta tafi da shi cikin kayan ɗakinta. Da Baba ya gaya mini haka sai na tuna jeren amarya a gida. Akwai ƙananan ganguna biyar a kusurwar ɗakin da muka kafa tare da shi shekarar da aka haifi jikarsa, ba a taɓa ɗibar ko cokali ba tukuna.

In saya za ka yi

Yawancin abin da ke kantuna da sunan Modena ba wannan ba ne. Na gargajiyar sunansa Aceto Balsamico Tradizionale di Modena, da tambarin DOP, shaidar kare asalin kaya, da Tarayyar Turai ta ba shi a 2000. Ka nemi kalmar Tradizionale. Abin da ke ciki ɗaya ne tak, dafaffen ruwan inabi. Ba a zuba shi a kwalba sai kwamitin masu ɗanɗano sun gwada sun amince, kuma kwalbar iri ɗaya ce ga kowa: mililita 100, mai tumbi kamar ƙwallo a kan gindi mai kusurwa huɗu. Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta, mutumin da ya zana motar Golf ta farko. Mai shekara 12 shi ne matakin farko, wanda ya kai 25 kuma ana rubuta masa extravecchio. Kuɗinsa na farawa daga wajen Yuro 50, tsohon ya haura 100. Maƙwabtansu na Reggio Emilia ma suna da nasu DOP ɗin, da tasu kwalbar daban.

Ɗayan, na kantunan, mai tambarin IGP tun 2009, wata shaidar asali mai sassaucin sharaɗi, haɗi ne na ruwan inabi da khal ɗin giya, an yarda a sa masa ɗan launin ƙonannen siga, kuma kwana 60 a ganga ya isa a sayar. Ba na raina shi, shi nake zuba wa salak kullum. Amma ka juya kwalbar ka karanta: in mosto, wato ruwan inabi, aka fara rubutawa, zai fi kauri da zaƙi, in aceto di vino, wato khal ɗin giya, ne a gaba, tsami ne tsinkakke. Wanda aka rubuta wa glassa ko crema kuwa, galibi sitaci ne ya ba shi kaurin, ba shekaru ba.

Na gargajiyar ba a dafa abinci da shi, wuta na kashe ƙamshin. Digo ake yi bayan an sauke abinci. Mutanen nan a kan gutsuren cukun Parmigiano suke ɗigawa, ko wainar ƙwai, ko strawberry. Ni na gwada a kan gasasshen naman rago ranar Babbar Sallah, digo huɗu a faranti, na kai wa Baba nasa har ɗaki, ya cinye ya sa burodi ya sharce farantin. Kwalbar ba ta son firji. Ka rufe bakinta da kyau, ka ajiye a kabad nesa da yaji da daddawa, don tana ɗaukar warin abin da ke kusa da ita.